Minti Shida na Fiyano: Kyautar da Wani Uba Ya Yi wa Ɗansa

Idan aka ce fiyano, abin da yake fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne kiɗan finafinan Hausa, wanda ake haɗawa a Kano da wannan na'ura mai amfani da lantarki, irin wadda muke gani a shagunan kayan kiɗa na Dera. Amma fiyano na asali ba ya shan wuta. Babban akwati ne na katako, a cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, a gabansa kuma madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Duk madannin da aka danna, sai wata 'yar guduma mai taushin kai ta daki tsirkiya, sauti ya fito. Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomiyo Kiristofori ne ya ƙera na farko a birnin Filorans wajen shekarar 1700. Da irin wannan fiyano ake buga kiɗan da nake so in yi mana bayani a kansa.

Sunan wannan nau'in kiɗa konceto. Tsarinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa sauraren Mamman Shata da 'yan amshinsa: akwai guda ɗaya da yake gaba, akwai taron da suke mara masa baya, ya faɗa su amsa, wani lokaci su haɗu su tafi tare. A konceto na fiyano, mai fiyano shi ne na gaba, 'yan amshinsa kuwa ƙungiyar makaɗa ce ta mutum hamsin ko fiye, masu goge manya da ƙanana, da masu busa, da masu ganga. Babu mai rera waƙa, babu kalma ko ɗaya. An saba raba konceto babi uku: na farko mai sauri, na tsakiya mai tafiya a hankali, na ƙarshe mai sauri. A saman kowane babi, wanda ya tsara kiɗan yakan rubuta kalma ɗaya ko biyu da ke nuna gudun da za a yi, ya kuma sa alamun da ke nuna gidan sautin da za a zauna a ciki. Sau da yawa iyakar umarninsa na farko ke nan. Ba ya rubuta cewa nan za a ji tausayi, can za a ji daɗi. To ina tausayin yake fitowa, tunda ba a rubuta shi ba, ba a kuma faɗe shi da baki ba?

Na zaɓi babi guda in bi shi daki-daki, wato babi na tsakiya na konceto na biyu na Dimitiri Shostakobic, mutumin Rasha da aka haifa a 1906 ya rasu a 1975. Ya rubuta shi a farkon 1957 don ɗansa Maksim, wanda a lokacin ɗalibin fiyano ne. Maksim ɗin ne ya fara buga shi a gaban jama'a, a zauren babbar makarantar kiɗa ta Mosko, ranar 10 ga Mayu 1957, ranar da ya cika shekara 19 da haihuwa. Konceton duka bai wuce kimanin minti ashirin ba. Babin tsakiyar yana cin minti shida zuwa bakwai. Abin da aka rubuta a samansa kalma ɗaya ce ta Italiyanci, andante, gidansa kuma Do ƙarami. Kafin mu shiga cikinsa sai mun warware waɗannan biyun.

Mu fara da gudu, don shi ya fi sauƙi. Kowane kiɗa yana da bugu, abin nan da ƙafarka take bi ko ba ka sa ta ba. Gudu shi ne yawan bugun a minti ɗaya. Agogon bango yana yin 60. Zuciyar mutum mai lafiya idan yana hutawa tana yin tsakanin 60 da 100. Tun 1815 akwai na'urar da ke ƙirga wa makaɗa bugu, ana kiranta metironom, yanzu ma kowa yana iya saukar da ita a wayarsa kyauta. Amma tun kafin na'urar, makaɗan Turai sun saba da kalmomin Italiyanci, kuma har yau su ake rubutawa ko mai kiɗan ɗan Rasha ne ko ɗan Japan. Adajiyo yana nufin a hankali sosai. Alegiro yana nufin da sauri da kuzari. Andante yana tsakani, asalinsa daga kalmar da ke nufin tafiya da ƙafa, kuma a jikin metironom ana sa shi tsakanin bugu 76 da 108 a minti. Tafiyar mutumin da ba ya gudun makara ke nan, kamar dattijon da ya fito shan iska bayan la'asar.

Akwai wani abu da ake yawan haɗa shi da gudu alhali dabam yake, shi ne kari. Mu da muke karanta aruli a ajin Larabci mun riga mun san bambancin. Baharin Mutaƙarab ko na Rajaz, kamar yadda Halilu ɗan Ahmad ya tsara su a Basra a ƙarni na 8, suna gaya maka yadda gaɓoɓi dogaye da gajeru suke jeruwa. Ba sa gaya maka saurin da za ka karanta baitin. Malam yana iya jan sa a hankali don mu rubuta, ɗalibin da ya haddace kuma ya zuba shi kamar ruwan famfo, amma baharin yana nan yadda yake. Haka kiɗa. Karin wannan babi uku-uku ne: ɗaya biyu uku, ɗaya biyu uku, nauyin yana kan na farko. Gudunsa kuma andante. Kari mai uku ba ya yin maci, don ƙafa biyu gare mu, ba uku ba. Lilo yake yi, kamar uwa tana jijjiga goyo. Wannan kaɗai ya fara shirya zuciyar mai sauraro kafin a kai ga maganar gida.

Gidan sauti shi ne wurin da ake ɗan shan wahala, amma kunnen Bahaushe ya daɗe da horuwa a kan hawa da saukar murya. Baba mahaifi da baba gwaggo harufansu ɗaya ne a rubuce, amma ba yaron da yake rikita su idan an furta, saboda muryar tana hawa a ɗaya tana sauka a ɗaya. Kiɗa ya ɗauki wannan hawa da sauka ya yi masa matakai ƙididdigaggu. Larabawa suna kiran jerin matakan sullam, wato tsani, Turawa ma kalmar da suke amfani da ita ma'anarta ke nan. Matakan tsanin bakwai ne: Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si, sannan a sake komawa Do na sama. Idan ka danna fararen madannai a jere daga Do zuwa Do, ka hau tsanin da ake kira Do babba. Sautin da aka fara da shi shi ne gida. Kiɗa yana iya yawo ko'ina, ya shiga maƙwabta, ya yi nisa, amma kunne ba ya jin an gama sai an dawo gida. Gwada rera tsanin ka tsaya a kan Si, ka ga yadda wanda ke kusa da kai zai ƙagu ka ƙarasa.

Do ƙarami gidansa ɗaya da Do babba, daga Do yake farawa a Do yake ƙarewa. Bambancin shi ne an sauke matakai uku, Mi da La da Si, kowanne da rabin taki, sai yatsa ya bar farin madanni ya hau baƙin da ke hagunsa. A cikin ukun, Mi ne mai babban aiki. Tsirkiyar Do ta tsakiyar fiyano tana girgiza kimanin sau 262 a sakan ɗaya. Mi na sama da ita yana yin kimanin 330. Idan an sauke shi sai ya koma kimanin 311. Girgiza goma sha tara ce kawai a tsakani, amma danna Do da Mi da Sol tare, sannan ka sauke Mi ɗin ka sake dannawa: na farkon kamar an buɗe taga, na biyun kamar an saki labule. Kalmomin babba da ƙarami ba maganar daraja ba ce. Tazarar da ke tsakanin Do da Mi ake nufi, a ɗaya ta fi faɗi, a ɗaya ta fi ƙanƙanta. A littattafan Larabci ma haka za ku gani, kabir da sagir.

Mu da muke zaune a Hor al-Anz muna da wata riba a nan wadda ɗalibin Ingila ba shi da ita, don kunnenmu ya saba da maƙamai. Maƙamin Ajam ya yi daidai da babban tsani. Nahawand ya yi kusa ƙwarai da ƙarami. Rast kuwa, wanda ake ɗauka uban maƙamai, matakinsa na uku yana zaune ne a tsakanin Mi na babba da Mi na ƙarami, a wurin da fiyano ba shi da madanni sam. Mai garayar Larabawa, wato udi, yana samunsa cikin sauƙi domin wuyan udi ba shi da shingaye, yatsa yana tsayawa inda ya ga dama, kamar dai gogenmu. Shi ya sa fiyano na lantarki da ake sayarwa a ƙasashen Larabawa ake ƙara musu wasu maɓallai na musamman don sauke sauti da rubu'in taki. Wato inda Bature yake da ƙofa biyu, Balarabe yana da ƙofofi da yawa. Shostakobic da ƙofa biyun ya yi aiki, kuma za mu ga abin da ya iya yi da su.

A littafin koyon kiɗa na 'yan farko ana cewa babban gida na farin ciki ne, ƙarami na baƙin ciki. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika mudu ba. Taken ƙasar Imarat da ake rerawa a makarantu da safe yana babban gida, da gudun maci, kuma lallai yana sa mutum ya miƙe ƙirji. Amma Macin Turkawa na Mozat, wanda kusan kowa ya taɓa jinsa a ƙarar wayar wani, a La ƙarami yake farawa, kuma ba wanda yake jinsa ya yi tagumi, domin gudunsa ya hana. A ɗaya ɓangaren, macin jana'iza da Handel ya rubuta a 1738, wanda aka daɗe ana bugawa a jana'izar manyan Ingila, a Do babba yake. Jan ƙafar da yake yi da amon ganga su suka ba shi nauyi. Haka nan maƙamin Hijaz, wanda Bature yakan ji shi kamar kuka, a bikin aure ana rawa da shi. Saboda haka gida shi kaɗai ba ya yanke hukunci, gudu ma haka. Sai an haɗa su, sai kuma an duba abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Ruwan sanyi ɗaya ne, amma ba ɗaya yake a bakin wanda ya fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya da wanda ya tako daga tashar Abu Hail da tsakar ranar Agusta ba.

Yanzu mu shiga babin. Wanda zai saurara yana karantawa sai ya rubuta Shostakovich Piano Concerto 2 Andante a YouTube.

Babin farko ya ƙare da hayaniya: busa, da ƙaramar gangar soja, da fiyano yana tsalle a Fa babba. Da an shiga na biyu sai kusan duk waɗannan su yi shiru. Masu sarewa sun ajiye, mai ganga ya naɗe hannu. Masu goge kaɗai suka rage, da ƙaho guda ɗaya tak. Wannan ma wani ɓangare ne na yanayin, domin zauren da ya cika da amo ya wayi gari da sarari. Masu gogen suna farawa a hankali a Do ƙarami, muryoyinsu a ƙasa, suna tafiya tare taki-taki kamar mutanen da suka dawo daga rakiya. Fiye da minti ɗaya suna wannan tafiya, mai fiyano yana zaune hannuwansa a kan cinya. Ku tuna wanda aka rubuta wa kiɗan: saurayi ɗan shekara 19, a ranar da duk ido yake kansa, ubansa ya sa shi ya zauna ya saurari wasu tukuna.

Sannan fiyano ya shigo, kuma nan ne zuciyar babin. Ba a canza gudu ba, ba a canza kari ba, ba a bar Do ba. Mi ɗin da aka sauke ne ya koma mazauninsa, gidan ya juye daga ƙarami zuwa babba. Hannun hagu yana ta zuba ƙananan sautuka uku-uku kamar ɗigon ruwa, hannun dama kuma ya ɗauko wata siririyar waƙa daga can sama, sauti ɗaya bayan ɗaya, yana gangarowa da ita. Yaron da ya yi shekara biyu yana koyon fiyano zai iya danna waɗannan madannai, ba wata bajintar yatsu a ciki. Bisa ƙa'idar littafin 'yan farko, nan ya kamata mutum ya ji daɗi, tunda an shiga babban gida. Abin da yake faruwa ga yawancin masu sauraro akasin haka ne: nan ne maƙogwaro yake ɗaurewa. A ganina dalilin shi ne kunne bai manta da minti ɗayan da ya wuce ba. Ya san wannan hasken a kan duhu aka ɗora shi, ya kuma san rabin taki kawai ya raba su. Kamar ka buɗe akwatin kaka a Kano ka tarar da hoton bikin da aka yi shekara arba'in da suka wuce: kowa a hoton dariya yake yi, kai mai kallo kuwa ba dariya kake ba.

Kuma hasken ba ya daɗewa. Waƙar tana barin Do babba ta leƙa wasu gidaje, ta yi kamar za ta zauna, ta sake tashi. Can gaba fiyano ya karɓi tafiyar nan mai nauyi da masu goge suka buɗe da ita, ya maimaita ta da bakinsa, kamar ɗan da ya fara magana da kalmomin ubansa. Daga bisani siririyar waƙar ta dawo, amma a ƙaramin gida. Surarta ba ta canza ba, kowa zai gane ta, sai dai an sauke mata Mi. Idan akwai wuri guda da za a nuna wa mutum aikin gidan sauti ba tare da allo da alli ba, to wannan ne: waƙa ɗaya, mai bugawa ɗaya, gudu ɗaya, an ji ta sau ɗaya a babba sau ɗaya a ƙarami, a cikin 'yan mintoci.

Akwai wata dabara ta kari da take ƙara wa babin laushi, kuma ana iya gwada ta a kan teburin aji. A cikin bugu guda, hannun hagu yana yin uku, hannun dama yana yin biyu. Masu son lissafi su raba bugun gida shida: hagu yana sauka a kan 1 da 3 da 5, dama a kan 1 da 4. A kan 1 kaɗai suke haɗuwa, sauran duk saɓani ne. Da farko hannu ɗaya zai riƙa jan ɗaya, sai an yi ta yi kafin kowanne ya kama gabansa. A wasu wuraren ma huɗu ne a kan uku. Ga ɗaliban fiyano na Turai wannan darasi ne da ake zama a koya, amma a Afirka ta Yamma biyu a kan uku tsohon abu ne a hannun makaɗa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude ya ji yadda bugu yake shiga tsakanin bugu. Bambancin shi ne a wurinmu wannan saɓani yakan tayar da rawa. Shostakobic ya rage masa gudu har ya zama wani abu dabam: waƙar tana jin kamar ba ta taka ƙasa sosai, tana ɗan makara, tana ɗan riga, kamar mai magana yana neman kalma.

Ya kamata a san halin da mutumin yake ciki lokacin da ya rubuta wannan. A Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani, yanayin kiɗa ba abin wasa ba ne, gwamnati tana sa ido a kansa. A Janairun 1936 Sitalin ya je kallon wani wasan waƙa na Shostakobic, bai ji daɗinsa ba, bayan kwana biyu jaridar Pravda ta fito da sharhi mai zafi tana la'antar aikin. A shekarun da suka biyo baya an kama mutane na kusa da shi, an kashe wasu. A 1948 aka sake tsine wa kiɗansa a hukumance, aka ce ya yi nisa da talakawa, aka kore shi daga aikin koyarwa a Mosko da Leningirad. Abin da hukuma take so shi ne kiɗa mai fara'a, mai ƙarewa da nasara a babban gida. Mutumin da ya rayu a haka ya san sarai cewa babban gida yana iya zama murmushin dole. Sitalin ya mutu a Maris 1953, aka ɗan sami sauƙi. Amma a Disambar 1954 matarsa Nina, mahaifiyar Maksim, ta rasu, a 1955 kuma mahaifiyarsa ta bi ta. Saboda haka wannan kyautar ranar haihuwa uba ne ya ba ɗan da bai kai shekara uku da rasa uwa ba. Babi na farko da na uku wasa ne da raha daga farko har ƙarshe. Na tsakiyar ne kawai ya sassauta murya, kuma ni a nawa sauraron, shi ne wurin da uban ya faɗi abin da ba a faɗa a teburin cin abinci.

Abin mamaki, da ya gama rubuta konceton sai ya aika wa wani matashin mai tsara kiɗa, Edison Denisob, wasiƙa yana cewa aikin ba shi da wata daraja ta fasaha. Masana da yawa suna ganin ba'a yake yi, yana kwaikwayon bakin masu sukarsa kafin su buɗe shi. Hujjarsu ita ce shi da kansa ya yi ta buga shi a gaban jama'a, har ya naɗe shi a faifai a birnin Faris a 1958. Iyayenmu ba za su sha wahalar gane wannan hali ba. Sau nawa Baba yake kawo tsarabar da ya daɗe yana tara kuɗinta, ya ajiye ya ce wani ɗan abu ne ba yawa?

Wannan faifan na 1958 ya buɗe wata muhawara da ta shafi gudu kai tsaye. Shostakobic yana buga kiɗansa da sauri fiye da yawancin waɗanda suka zo bayansa. A hannunsa andante tafiya ce ta gaske, ba ya tsayawa jan kowane sauti. Masu fiyano da yawa na yau suna rage gudun har ya kusa zama adajiyo, suna ƙara wa babin minti guda ko fiye. Madannan da ake dannawa ɗaya ne, gidan ɗaya ne, amma abin da ake ji ya bambanta. Idan an ja shi sosai yakan zama kamar makoki, kuma ba a rasa masu son hakan, shi ya sa masu finafinai suke ɗaukarsa. Ni na fi son mai tafiyar. Idan an ja, waƙar tana roƙon a tausaya mata. Idan ana tafiya, tana faɗin abin da ke ranta ta wuce, ta bar ka da shi, kuma wannan ya fi kama da mutumin da ya rubuta kalmar tafiya a saman takardar. Ku saurari biyun ku yanke naku hukuncin, kuna iya buɗe metironom a waya ku ƙirga bugun kowanne.

Ƙarshen babin ba ƙarshe ba ne irin wanda aka saba. Sautin yana ta raguwa a Do ƙarami har ya rage fiyano yana taɓa Do shi kaɗai, a hankali, yana maimaitawa. Kunne yana ɗauka an dawo gida za a rufe ƙofa. Amma Do yana da wani matsayi: idan ka ƙirga daga Fa, shi ne mataki na biyar, matakin da ya fi kowanne jan kunne zuwa gida. Sai kawai wannan Do ɗin ya fara tsalle da sauri, ya zama bakin ƙofar Fa babba, babi na uku ya ɓarke ba tare da an tsaya ko numfashi ba. Sauti ɗaya ya yi aiki biyu, ya rufe wancan ya buɗe wannan. Wanda ya sami damar zuwa Dubai Opera, zauren nan mai siffar jirgin ruwan Larabawa da aka buɗe a 2016 kusa da Burj Khalifa, zai ga al'adar masu sauraro ita ce ba a tafi tsakanin babi da babi sai an gama duka. A wannan konceton ko mutum ya so yin tafi bayan babi na biyu ba a bar masa wuri ba.

A babi na ukun uban ya koma tsokana. Ya sa wani sashe mai kari bakwai, ɗaya biyu, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku, wanda yake sa ƙafa tuntuɓe. Ya kuma cusa atisayen yatsu na littafin Hanon, wani littafin Faransa na 1873 mai atisaye 60 da ɗaliban fiyano suke maimaitawa kullum har su gundura, kamar yadda muke maimaita tasrifin fi'ili. Maksim ba shi da mafita, dole ya buga su a gaban jama'a, da gudu, kuma ba kuskure. Daga baya Maksim ya zama jagoran ƙungiyar makaɗa, ya bar Tarayyar Sobiyet a 1981. A shekarun 1980 ya naɗi wannan konceton a faifai tare da wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Montiriyal a Kanada, shi yana jagora, wanda yake zaune a gaban fiyano kuma ɗansa ne, mai sunan kakansa, Dimitiri.